Na'urar da Na Zaɓa Ido Rufe

Zuwa ga inuwata ta tsakar rana, ruwan randa ga wanda ya sha tafiya, tauraruwar da ba ta ƙosa da ni ba, uwar 'ya'yana, abokiyar gajiyata.

Na san Yaya ce za ta karanta miki wannan takarda, tunda likita ya naɗe idanunki ya ce sai bayan sati uku. Yaya, don Allah ki karanta duka, kada ki tsallake inda ya yi miki nauyin baki. Da ƙanwarki nake magana.

Na gaji, masoyiyata! Ba irin gajiyar da barci ke warewa ba. Tun ranar da aka yi miki aikin ido kika koma gidan Yaya jinya, ɗakinmu ya zama rijiyar da ta ƙafe. Keken ɗinkinki yana nan lulluɓe, da zare a allura yadda kika bar shi. Shin haka shiru yake da nauyi, ban taɓa sani ba?

Kin tuna ranar da na fara kawo miki wando ki ɗinke min? Rediyo na kan taga, kina taka keke kina bin waƙa, kina cinye rabin baitin kina cikewa da naki. Na ce ba haka mawaƙin ya faɗa ba, kika ce to shi ya yi kuskure. Sau uku na kawo wandon nan. Yau zan gaya miki gaskiya: biyu ni na farke shi da hannuna.

Yaya ta ce in ta fita aiki da wayarta, wuni kike kwance rub da ciki yadda likita ya umarta, ba haske ba hira, sai tunani. Ke da ko wanke-wanke ba kya yi ba waƙa! Shi ya sa jiya da na taso daga aiki na shiga layin masu kayan lantarki neman 'yar na'urar jin waƙa, irin ta aljihu. Shago huɗu na zaga, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Kowa sai ya miƙo min mai gilashi, wadda sai an shafa tana haske. Me haske zai yi wa wadda aka hana gani? A shagon ƙarshe na sa aka jera min su kan kanta, na rufe idona, na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Mai shagon ya ce, "Malam, in barci ne ga benci can." Da na gaya masa dalili, sai ya sunkuya ya zaro wata tsohuwar yayi wadda ya ce ba mai tambayarta.

Ita ce a cikin ambulan ɗin nan. Ba ta fi akwatin ashana ba, ba ta da kyan gani, maɓallinta uku. Na tsakiya mai tudu shi ne kunnawa, dama gaba, hagu baya. Caji ɗaya yana kai ta kwana biyu. Na sa an zuba miki waƙoƙinki a memori, har da wadda kike gyara wa mawaƙin.

Amma kin san me? Minti biyar kawai na yi ido rufe a shagon nan, jiri ya ɗebe ni, tsoro ya kama ni har na dafa kantar shagon. Ke kwana goma sha ɗaya! Wayyo, furena, ta yaya kike yi?

A nan na fahimci maganar da kika yi min zuwana na ƙarshe, wadda na fita ban amsa ba. Kika ce in idon bai buɗe ba in bar ki gidan Yaya, wai kin zama kaya. Shirun da na yi ba yarda ba ce. Ga amsa yanzu. Shekara ashirin ina dakon buhuna a sito, babu wanda zai koya min abin da ake kira kaya. Kaya ana neman inda za a sauke shi ne. Ni kuwa tunda kika bar gidan nan na rasa inda zan sauke kaina.

Ranar da za a kwance bandejin ina tsaye gefenki. Ko kin gan ni ko ba ki gan ni ba, gida za mu koma tare.

Naki, yau da gobe, har ƙarfina ya ƙare,
Mijinki.