Rasuwar Alhaji Badaru Malam Yahya da Kaset ɗin da Muka Kashe a Tsakiya

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Sada Zumunci ta 'Ya'yan Ƙasar Daura na Gida da na Ƙetare, a madadin Mai Girma Shugabanta, da Majalisar Dattawanta, da ɗaukacin mambobinta maza da mata, tana sanar da jama'a cewa ta sami labarin rasuwar ɗanta, Alhaji Badaru Malam Yahya, tsohon ƙwararren ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda Allah ya karɓi ransa ranar Talata, 10 ga Jimada Ula 1435, daidai da 11 ga Maris 2014, a ƙasar Kanada, yana da shekara arba'in da biyu a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zuciyarsa ce ta tsaya yana tsakiyar aikinsa na horar da 'yan wasa, kuma Musulmin garin da yake zaune sun yi masa sutura washegari kamar yadda addini ya tanada.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mahaifinsa, babanmu kuma malaminmu, Alaramma Malam Yahya Ɗantsoho, da maiɗakinsa Hajiya Hadijatu, da 'ya'yansa biyu, Firdausi da Musaddiq, da sauran dangi na Daura da Zango, da Masarautar Daura baki ɗaya. Mun san wannan saƙo ya makara da kwana biyar, kuma mun san an yi ta tambayar dalili. Dalilin shi ne akwai haƙƙin marigayin a wuyan wannan ƙungiya: mu ne muka shiga tsakaninsa da mahaifinsa shekara goma sha uku da suka wuce, kuma Majalisar Dattawa ta ga bai dace mu fito da kalaman yabo ba tare da mun faɗi wannan a bainar jama'a ba, tunda a bainar jama'a muka aikata shi.

An haifi marigayin a cikin birnin Daura a shekarar 1972, kuma shi ne ɗan fari a wajen Malam da marigayiya Hajiya Shatu. Yana ɗan shekara shida aka ba baffansa, marigayi Dakta Ya'u Ɗantsoho, riƙonsa, a daidai lokacin da Dakta zai tafi Kanada ƙaro karatun likitan dabbobi. Niyyar ita ce su dawo bayan shekara huɗu, sai aiki ya riƙe Dakta a can, yaro kuma ya tashi a yankin da ake jin Faransanci, inda ƙasa ke daskarewa kusan rabin shekara. Dakta bai bari Hausa ta kuɓuce masa ba, bai kuma bari allo ya bushe ba, domin a hannunsa Badaru ya sauke Alƙur'ani.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, kuma mu ne mafi yawa, ana yin sa ne a kan fili na daskararren ruwa, mutum shida-shida, kowa sanye da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, riƙe da sanda mai lanƙwasa, suna korar wani ɗan faifan roba zuwa raga, kusan yadda yaranmu ke korar ƙwallon goruba da sanda a bayan gari, sai dai su a guje suke kamar babur. A wannan wasa Badaru ya zama ƙwararre yana ɗan shekara ashirin, ya yi shekara goma sha shida yana tsaron baya, ya buga wasa sama da ɗari takwas a ƙungiyoyi huɗu, uku a Kanada, ɗaya a Turai. Bai kai babbar gasar da duniya ke kallo ba, kuma ba za mu ƙara masa abin da bai yi ba. Amma shekara biyar yana riƙe da kyaftin, baƙar fata ɗaya tilo kuma Musulmi ɗaya tilo a cikin ƙungiyarsa, yana atisaye da azumi a bakinsa, har abokan wasansa suka san lokutan salla saboda shi. Wasan ya ci haƙoransa na gaba, ya karya masa kafaɗa sau biyu, a ƙarshe gwiwa ta ajiye shi a 2008, ya koma horarwa.

A damunar 2001, Badaru ya aiko wa ƙungiya kaset ɗin bidiyo na wasan ƙarshe na gasar shekarar, da roƙon a kai wa mahaifinsa ya gani. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, kowa yana kaffa-kaffa da abin da zai shiga gidansa, balle zauren Alaramma da bai taɓa ajiye talabijin ba. Sai kwamitin ƙungiya ya yanke shawarar mu fara dubawa tukuna, kada mu kai wa Malam abin kunya. Muka zauna mu tara a ofis, mu da ƙanƙarar da muka sani ita ce ta cikin kular mai zoɓo, muna kallon abin da ba mu san kansa ba balle gindinsa. Can sai muka ga Badaru ya yar da sanda, ya tuɓe safar hannu, ya cakumi wani Bature suna ba hamata iska, jama'a na ihu. Aka raba su, wani mai riga zane-zane ya tasa shi gaba zuwa wani ɗan ɗaki na gilashi, aka rufe ƙofa. A nan Shugabanmu na lokacin, Allah ya ji ƙansa, ya ce a kashe inji, mun ga abin da muka gani.

Mu a ganinmu, ɗan gidan malamai, jikan masu rubuta Alƙur'ani da ka, ya koma dambe don Turawa su yi kallo, har an kulle shi a gaban jama'a. Mai bayani a kaset ɗin da Faransanci yake magana, kuma da mun tura babur Mai'aduwa an ɗauko mana mai jin yaren daga tsallaken iyaka, da kafin la'asar an warware mana zancen. Ba mu tura ba. Kuskuren namu ne, kada wani ya jingina shi ga shari'a, domin shari'a bincike ta ce a yi kafin hukunci. Muka cire sunansa daga rajistar ƙungiya, muka je muka faɗa wa Malam abin da muka gani, muka kuma rubuta wa Badaru wasiƙa mai layi huɗu cewa an kalli saƙonsa, kuma mahaifinsa ba shi da abin cewa. Ni mai sa hannu a wannan takarda, ni na buga wasiƙar da hannuna.

Tun daga nan Malam bai sake karɓar wayarsa ba. Da Badaru ya zo ta'aziyyar mahaifiyarsa a 2004, ya durƙusa ya yi gaisuwa, Malam ya amsa a taƙaice ya mai da kansa kan littafi. Uba yana kawaicin ɗan fari, ɗa yana kunyar yin musu da uba, kwana tara suka yi a gida ɗaya babu wanda ya taɓo zancen. A kasuwa kuwa an sa masa sunan da ba za mu maimaita a nan ba. Duk da haka, babu ɗalibin ƙasar Daura da ya sauka a Kanada a waɗannan shekaru da Badaru bai tare shi a filin jirgi da rigar sanyi a hannu ba, kuma cikinsu har da ɗan cikina, wanda ya yi wata uku a gidansa yana shan furar da marigayin ke damawa da kansa, bai taɓa jin ya ambaci sunana da sharri ba. Wannan yana daga cikin abin da ya fi ci mini rai a yau.

Da muka kira Hajiya Hadijatu don ta'aziyya, ta karɓa da mutunci, sannan ta yi mana tambaya ɗaya, ko Malam ya taɓa cewa wani abu a kan maganar da ke ƙarshen kaset ɗin, domin mijinta ya rasu yana jiran amsarta. Babu ɗayanmu da ya san akwai wata magana. Ranar Juma'a muka zaƙulo kaset ɗin daga durowar ofis, muka yi aron na'ura wajen wani mai gyaran rediyo a kasuwa, muka gayyato malamin Faransanci, muka kalla har ƙarshe. Ashe Baturen nan mai tsaron ragarsu ya banke da gangan, Badaru ya tare wa ɗan'uwansa. Ɗakin gilashin kuma ba kurkuku ba ne, wurin da ɗan wasa ke zama ne na minti biyar bisa dokar wasan. Da lokacin ya cika ya fito ya ci gaba, ƙungiyarsa ta ci kofi, shi ya ɗaga shi. Bayan nan hoto ya koma wani ɗaki, Badaru shi kaɗai ya durƙusa a gaban na'urar ɗaukar hoto, ya gai da mahaifinsa da Hausa, ya ce wannan ita ce sana'ar da Allah ya ba shi, ba ya shan giya, ba ya barin salla, yana roƙon Malam ya sa masa albarka, in kuwa Malam bai yarda ba, ya aiko da kalma ɗaya, a ranar zai ajiye sandar ya dawo gida.

Jiya Asabar da hantsi Majalisar Dattawa ta je zauren Malam da na'urar. Idanunsa sun yi rauni, saboda haka saurare ya yi. Ya sa aka maimaita masa wurin roƙon sau uku. Sannan ya ce, "Ashe yaron nan roƙona ya yi, na bar shi durƙushe shekara goma sha uku." Ya juya wajen da muryar ke fitowa, ya kira sunan ɗansa a fili, abin da tsofaffin almajiransa suka ce ba su taɓa ji daga bakinsa ba, ya ce, "Duk sunan da suka kira ka da shi can, ni Badaru na raɗa maka. Allah ya yi maka albarka, Badaru. Tashi haka nan." Babu wanda ya iya ɗaga kai a zauren.

Saboda haka Majalisar Dattawa ta soke hukuncin 2001 gaba ɗaya, ta kuma shaida wa duniya cewa Alhaji Badaru Malam Yahya ya yi sana'arsa cikin mutunci, bai zubar da girman gidansu ba. Muna roƙon duk wanda ya ji mummunan zance a kansa daga bakinmu, ya kai gyaran duk inda ya kai zancen. Za a yi addu'ar bakwai ranar Talata da ƙarfe tara na safe a ƙofar gidan Malam, kuma Malam ya ce shi zai jagoranta.

Muna roƙon Allah ya ji ƙan marigayin, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah ya ba Alaramma da Hajiya Hadijatu da sauran iyalai haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya raya abin da ya bari. Muna kuma roƙon jama'a su sa mu a addu'a, mu huɗun da muka rage daga cikin taran da suka fara kallon kaset ɗin. Kafin mu bar zauren mun nemi gafarar Malam, ya ce nasa haƙƙin ya yafe mana duniya da lahira, amma na Badaru ba a hannunsa yake ba, sai mun je mun same shi a can.

Sa hannu:
Alhaji Mainasara Hamma Zango
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Sada Zumunci ta 'Ya'yan Ƙasar Daura na Gida da na Ƙetare
Lahadi, 15 ga Jimada Ula 1435 (16 ga Maris 2014)