Aron Hanci

Peckham, Landan
Oktoba

Zuwa ga Yaya Sharon,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya karatu, yaya sanyin Jos? Ina fata ƙafar Kaka ta yi sauƙi. Mu nan lafiya, sai abu ɗaya da ba zan iya faɗa a waya ba, don a flat ɗinmu ko tari mutum ya yi kowa ya ji.

Yaya, Baba ba ya jin ƙamshi, tun murar da ta kwantar da shi a watan Agusta. Na gane ne ranar da shinkafa ta ƙone yana zaune kusa da tukunyar yana karanta jarida. Kin san aikinsa a gidan abincin Oga Bernard na Camberwell: shi ke zaɓen ruwan inabi, shi ke gaya wa baƙo wanda zai dace da abincinsa. Mai wannan aikin in ba hanci, me ya rage masa? Bai gaya wa Oga ba. Mama kuwa cewa ta yi giya dai giya ce ko da Jamusanci aka kira ta, wataƙila Allah ne ke nuna masa ya koma tuƙin bas. Baba ya shige ɗaki.

Ga shi kuma wata Bajamushiya mai gonar inabi a bakin kogin Mosel za ta zo a watan Disamba. Za a yi liyafa, kowane abinci da nasa ruwan inabin daga gonarta, kuma Baba ne zai haɗa su ya yi bayani. Har an turo kwalaben.

Na ce ya ari hancina. Ya ce, ni da in malami ya kira sunana a aji na amsa, sai ya leƙo ya ga ko ina nan don ba ya jin muryata? Na ce shinshina ba ta buƙatar murya. Ba zan sha ba, shekaruna ba su kai ba, ba na ma so. Amma ba zan zuba ido aikinsa ya tafi ba.

Ki gaishe da Kaka, kada ki gaya mata tukuna.

Ƙanwarki,
Tabitha

Peckham
Nuwamba

Yaya Sharon,

Bayan gaisuwa da fatan kin gama jarrabawa lafiya. Na gode da addu'a.

Mun fara. Ina dawowa daga makaranta, kafin ya tafi aiki, sai ya zuba ruwan inabin kaɗan a kofin gilashi, ya juya shi, ya miƙo mini. Ni in shinshina in faɗi abin da na ji, shi ya kurɓa ya tofar a kwano, don harshensa na gane zaƙi da tsami da ɗaci. Da farko duk ɗaya suke mini, warin giya kawai. Ya ce in rufe ido in tafi kasuwar Terminus ta Jos, in faɗi a gaban wane mai tebur na tsaya.

Haka na gano su. Fari mai suna Riesling ɗanyen mangwaro ne da lemon tsami. Silvaner kamar ciyawar da aka yanke da safe. Ja guda ɗaya ne, Spätburgunder, ni zoɓo na ji da ɗan hayaƙi. Sai da na faɗi sunansa ya fi sau goma kafin Baba ya daina dariya, wai Jamusancin makarantarmu ya ci amanata.

Ya haɗa Riesling mai ɗan zaƙi da tsire, ya ce zaƙin ke kwantar da zafin yaji. Silvaner da gwaten acca, jan kuma da gasasshiyar zabuwa. Mama na wucewa tana tsaki, amma jiya ita ta je kasuwar Rye Lane ta sayo acca, wai dama tana marmarinta.

Oga ya yarda in taya su kwashe faranti ranar. Mutane za su cika wurin maƙil, amma zan je.

Taki,
Tabitha

Peckham
Disamba

Yayata,

Ina gaishe ki da Kaka, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. An yi liyafar ranar Asabar da rana.

Komai ya tafi daidai har zabuwa. Baba ya yi bayani da kalmomina, har da zoɓon, Bajamushiyar ta tambaye shi mene ne zoɓo. Sai ta ciro wata kwalba daga jakarta, a nannaɗe da ƙyalle don kada a ga rubutun. Ta ce kyauta ce ta kawo, Baba ya faɗa wa mutane mece ce, kuma da me za a ci. Wannan ba mu taɓa ganinta ba.

Na ga ya kai kofin hancinsa ya daɗe. Oga yana murmushi yana jira. Sai Baba ya ajiye kofin, ya ce da Turanci hancinsa ya mutu tun Agusta, duk ƙamshin da ya faɗa yau na 'yarsa ne. Ya kira ni.

Yaya, na je wurinsa a gaban kowa. Na shinshina kofin. Kin tuna fitilar Kaka in an ɗauke wuta? Ita na ji. Na raɗa masa da Hausa cewa ta lalace, kananzir ya shiga ciki, kada ya bari kowa ya sha. Ya ce in faɗa da ƙarfi. Na ce a raina shi ke nan, da bakina zan ci mutuncin baƙuwa in kori Baba daga aiki. Amma abin da na ji ke nan, ba zan canza ba. Na ɗaga kai na ce warin kananzir take yi, da ɗan zuma a ƙarƙashi.

Wata mata ta ture kofinta gefe. Baba kuwa ya kurɓa, ya ce to tsohuwar Riesling ce, ta haura shekara goma sha biyar, in ta tsufa da kyau haka take yi, a kawo kifi banda. Bajamushiyar ta buga tebur tana dariya, ta warware ƙyallen. Ta ce mahaifinta ne ya matse ta kafin ya rasu, kuma a garinsu wannan warin ake jira shekaru.

Da baƙi suka watse Oga ya kira Baba kicin. Ina jin faɗansa daga inda nake wanke kofuna: wata huɗu, Hosea, kana ɓoye mini kamar ni maƙiyinka ne? Sai muryarsa ta sauka. Ya ce aikin na Baba ne, amma duk sabuwar kwalba sai wani ya shinshina masa kafin ta kai tebur, har hancin ya dawo. Likita ta ce yana iya dawowa, yana iya ƙi.

Baba ya ce masa yana da mai yi masa. Oga ya leƙo ya tambaye ni ko haka ne. Na ce e, ya ji ni sarai, bai ce in maimaita ba.

Yanzu ki gaya wa Kaka.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Tabitha Hosea