Kin Sa Almakashi a Rigar Kakannin Baba Akanni

Zuwa ga Hajiya mai gidan ɗinkin zamani da ke Barnawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ni ne telan Makera da ya daɗe yana yi miki aikin wuyan riga. Na rubuto a fili ne saboda kin daina ɗaukar wayata, maigadinki kuma ba ya barina in wuce ƙofa.

Baba Akanni, tsohon telan nan Bayarabe na Kakuri, shi ya koya mini taka keke. A akwatinsa akwai rigar dodon gidansu, wanda Yarbawa ke kira egungun. Ƙyallaye ne hawa-hawa, kowanne an ɗinka shi don tunawa da wani mamaci. Ni Musulmi ne, babu ruwana da dodo, amma na san abin da rigar nan take a wajen tsohon.

Ga laifukanki. Na farko, kin je har shagonsa kin durƙusa, kin ce so kike ki ga yadda aka jera ƙyallayen da suke bajewa idan mutum ya juya. Ya ƙi. Kika matsa mini na roƙe shi ya ba ki aron rigar, kika rantse ko zare ba za ki cire ba. Da yake miƙo mini ita cewa ya yi, "Ɗana, albarkacinka ne."

Na biyu, kin sa mata almakashi. Kin liƙa ƙyallayen a jikin siket da kwat, 'yan mata suka yi rangwaɗa da su a bikin nuna tufafinki, ana tafi. Jan karan-miskin da aka ɗinka don mahaifiyarsa, a ƙugun wata yarinya na gan shi. Kika ce wa 'yan jarida wai a mafarki fasalin ya zo miki. Wa ya hana ki kwaikwayo, Hajiya? Teloli nawa ne suke ɗaukar salon nan da yadin kasuwa? Shi kansa Baba da kin tambaye shi da ya koya miki kyauta.

Na uku, hoton bikin ya kai ga danginsa a garinsu. Sun aiko masa kada ya sake taka gidan ubansa. Ya rufe shago, abinci ma sai an lallashe shi. Ragowar rigar kuma a baƙar leda kika ba mai Keke Napep ya kawo mini.

Ledar tana hannuna. Na zagaya da ita wajen telolin Kakuri da Makera, da Inyamuran da kike sarin yadi a wajensu a Sabon Tasha. Waɗanda suka daina karɓar aikinki, ni ne sanadi, kuma ban gama ba. Duk amaryar da na ji ta kawo miki ɗinki, sai uwarta ta ga abin da ke cikin ledar nan.

Ki farke ƙyallayen ki mayar masa har na ƙarshe. Ki koma inda kika durƙusa ki ba shi haƙuri a gaban mutane, sannan ki faɗa wa 'yan jaridar gaskiya. Ko kin yi haka, tsakanina da ke babu sauran gaisuwa.

Allah ya ba ki lafiya da tsawon rai, ki tsufa kamar Baba Akanni, ki ɗanɗana abin da kika yi masa.

Wassalam.

Almajirin Baba a sana'a,
daga Makera, Kaduna.