Shekara Goma Sha Tara Ina Juya Shafin Da Ba Na Karantawa

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara. Abin ya sha mini kai, kuma ko mai ɗakina ban iya faɗa mata ba.

Ni direba ne a ma'aikatar kashe gobara, kuma ina busa ƙaho a badujalarmu, wadda ke kiɗa ranar fareti da ranar sallamar ma'aikata. Bana shekara goma sha tara ke nan. Ba yabon kai ba, in na ji kiɗa sau biyu ya zauna mini daram. To amma takardar kiɗan da ake ɗora mana a gaba, ko ɗigo ɗaya ban iya karantawa ba. Layuka biyar nake gani da baƙaƙen abubuwa a kai, kamar tsuntsaye sun jeru a wayar wuta. Haka nan nake zura mata ido, har da ɗaure fuska irin ta mai nazari.

Abin da ya rufa mini asiri shi ne abokina Dogo, wanda kujerarsa ke damata. Yana da wasu halaye da muka daɗe muna tsokanarsa a kansu. Buga ƙafa yake da ƙarfi kamar zai fasa siminti. In lokacin shigarmu ya zo sai ya ɗaga gwiwar hannu. Ba ya juya shafi sai ya lashi yatsa tukuna. Kuma duk sabon kiɗa sai ya busa shi shi kaɗai sau biyu kafin a fara, wai yana ɗumama leɓe. Ni kuwa in kasa kunne in kwashe, in ya lashi yatsa ni ma in juya nawa shafin.

Wata uku ke nan da Dogo ya yi ritaya, haƙoransa na gaba sun zube, busa ta gagara. Aka kuma kawo mana sabon shugaba, matashi, ya san aikinsa. Makon jiya ya ɗauko wani tsohon kiɗanmu da zan iya busawa ko cikin barci, ashe ya saka ɗan shiru a tsakiya, ya rubuta a takarda. Kowa ya yi tsit, ni kaɗai na ɓarke da busa iya ƙarfina. Mai ganga ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Na ce tabarau na manta a mota. Sai da aka tashi shugaba ya sanar cewa ƙarshen watan gobe kowa zai busa sabuwar takarda shi kaɗai a gabansa, wanda ya kasa ya ba na baya kujera.

Shekarata hamsin da ɗaya, Anti. Na yi tunanin in ce ƙirjina ya fara ciwo in ajiye ƙahon da mutuncina. Amma wallahi ina son kujerar nan, in na rasa ta ban san me zan riƙa jira a mako ba. Na kuma yi tunanin zuwa wurin Dogo, to da wane ido? Shi ya kawo ni badujala, shi ya tsaya mini, ni kuma na yaudare shi duk shekarun nan. Kunyarsa ta fi ta kowa damuna.

Mai ƙaho, kujera ta biyu

Malam mai ƙaho,

Ciwon ƙirjin nan na ƙarya ka bar shi, kada ka jawo wa kanka na gaske.

Shugabanku yana da gaskiya. Mutum talatin ba sa tafiya tare in ɗaya yana bin abin da ya haddace, sauran suna bin takarda. Amma kai ma kana da abin da wasu masu takardar za su so a ce nasu ne, wato kunne. Karatun ne kawai ya rage, kuma bai kai tuƙa motar ruwa cikin cunkoso wahala ba.

Takardar abu biyu take faɗa. Wurin da ɗigo ya zauna a layukan nan biyar, ko a tsakaninsu, shi ke nuna sautin, in ya hau sama sauti ya hau, in ya sauka ya sauka. Siffarsa kuma ke nuna daɗewarsa: mai farin ciki marar jela bugu huɗu, mai farin ciki da jela bugu biyu, baƙi mai jela bugu ɗaya. Shiru ma yana da alamominsa, kuma da su za ka fara, tunda su suka kayar da kai. Ɗauki takardar kiɗan da ka haddace, ka bi ta da yatsa kana rerawa a hankali, minti ashirin kullum. Ba na ce za ka ƙware cikin mako shida ba. Saboda haka ka sami shugaba a keɓe tun yanzu, ka faɗa masa gaskiya, ka nuna masa ka fara. Zai iya ƙara maka lokaci, zai iya ƙi, amma batun tabarau dai bai karɓu ba.

Sai maganar Dogo. Ka sake karanta wasiƙarka. Mutumin da ya iya karatu, me zai sa ya busa sabon kiɗa sau biyu a kunnenka, ya ɗaga gwiwar hannu daidai wurin shiga, ya lashi yatsa a inda za ka gani? Ni ban ga yaudara a nan ba. Dogo ya sani tun da daɗewa, ya yarda a yi ta tsokanarsa don kada a tsokane ka. Ɗauki ƙahonka da takardarka ka je gidansa wannan Asabar ɗin. Ka fara da godiya kafin neman gafara. Yana zaune babu abin yi, kuma buga ƙafa ba ya bukatar haƙori.

Allah ya ba ka sa'a, ya bar maka kujerarka. Ka gaishe mini da Dogo.