Cukun da Inna Ta Aiko

Yaya Inusa,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da ƙafarta? Ya jikin ɗanka Anas, idon ya washe? Ni lafiya lau, sai sanyin Lyon na nan Faransa. Kar ka gaya wa Inna na rame.

Cukun nonon awakinmu da Inna ta aiko ya iso, amma ban ci ba. Na gutsuri kaɗan na gwada a labo, ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu. Yaya, akwai gubar hunhuna a ciki, mai cin hanta. Na san inda ta fito. Masarar da ta jiƙe ta yi kore a mangazar ajiyar hatsi ta Alhaji Tankari, ita yake niƙewa ya sayar muku, wai abincin awaki. Akuya ta ci, guba ta sauka a nono, Anas ya sha, shi ya sa idonsa ya yi rawaya. Bara na gargaɗi Alhajin, ya ce boko ya taɓa ni.

Ku daina ba awakin masarar nan, ku daina shan nonon. Allah ya ba Anas lafiya.

In na dawo Agadez, da nonon nan zan dama wa Alhaji fura, in miƙa masa a gaban jama'a. In ya isa, ya sha.

Ƙanwarka,
Suwaiba