Dalilin da Ya Sa Firdausi Ta Mayar da Saƙonka

Tama, Buza

Zuwa ga yayana Abdulwahab,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Yamai. Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi. Mu nan kalau muke, Inna ta samu sauƙin ƙafarta, albasa kuma ta yi kyau a fadama.

Yaya, na san ranka ya ɓaci da 'yata Firdausi ta mayar maka da injin da ka haɗa wa robonta, ɗan mutum-mutumin da za ta kai gasar 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, a Tawa. Ni ma da farko faɗa na yi mata, na ce kawu ya ɓata kwanakinsa, ke kuma ki watsa masa ƙasa a ido? Sai ta ce dokar gasar ita ce kada hannun babba ya taɓa aikin. Na ce wa zai sani? Ta ce ita.

Malaminsu, Mushe Isaka, ra'ayinku ɗaya. Ya ce dokar da ba mai iya tsaronta masu gaskiya kawai take cuta, don yaran birni iyayensu na haɗa musu a ɗaki, gara a soke ta kowa ya huta. Maganarsa ta dame ni, don ba ƙarya ya yi ba. Amma na tuna bayan damina. Wa ke gadin kowace gona kafin a yi shelar sakin dabbobi? Ba kowa. Wasu na ɓarna, duk da haka Yero makiyayi yana tsare shanunsa ko da ba ido a kansa, kuma saboda irinsa muke samun gero a rumbu. In aka soke doka don wasu na karya ta, da me za a gane irin su Yero?

Ba zan ɓoye maka ba, robon nata abin tausayi ne. An ce ya ɗauki albasa ya sa a kwano, shi kuwa sai ya yi tangaɗi ya zubar. Da wuya ta ci, ta kuma sani, har ta yi kuka. Ni dai ban taɓa alfahari da ita kamar yanzu ba. Abin da take tsoro ba faɗuwa ba ne, fushinka ne. Don Allah ka kira ta kafin ranar gasar. Ta ce in robon ya faɗi gaban jama'a, tana son ta iya cewa nata ne.

Ka gaida Ummusalma da su Mahfuzu. Inna da Cima suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Murja