Ku Bar Mana Jandarmanmu Kwance

Talata. Aikin farko: ba tumaki harawa, sannan wasiƙar kwamiti.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Sabuwar Hanyar Bas Mai Sauri, Dogon Dutsi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran ƴan kwamiti, ina gajiyar taron ranar Lahadi? A yi haƙuri da layin da ke can sama. Tun ina kwaleji nake rubuta ayyukan kowace rana, hannuna bai iya fara takarda ta wata hanya ba.

Sunana Nomau, ina aiki a wani magazan ajiyar iri. Gidanmu yana bakin titin da ya fita zuwa Matankari, inda kuke son miƙa hanyar bas. Ina wurin taron. Ni ne mai shuɗiyar riga da ya yi ta ɗaga hannu yana saukewa. Kafin in gama shirya maganar a kaina, har an shafa fatiha.

Na farko. Ba na cikin masu ƙin bas. Na ji ƴan kabu-kabu da suka ce za a kashe musu sana'a. Na ji matan kasuwa da suka ce sun gaji da hawa bayan babur da kwandon tumatir a cinya. Matata tana cikinsu, saboda haka na san ɓangaren da ya kamata in tsaya idan ina son tuwon dare. Na kuma ji mai amalanken da ya tambaya ko jakinsa ma za a shata masa tasa hanyar. An yi dariya, amma ban ji amsar ba.

Na biyu. Injiniyan da ya zo daga Yamai ya ce bas ba zai yi sauri ba sai an fasa duk tudun da aka gindaya a titi don rage gudun motoci. Mu a unguwarmu guda ɗaya gare mu, muna ce masa jandarma kwance. Ranka ya daɗe, shi kaɗai ne jandarman da na sani wanda bai taɓa tambayar kowa takardu ba, bai taɓa tafiya hutu ba, ba a yi masa canjin wurin aiki ba. Duk girman mota sai ta rusuna masa. Ma'aikaci irin wannan ƙarin girma ya kamata a yi masa, ba kora ba.

Ba haka kawai ya kwanta a wurin ba. Yayana Bawa baduku ne, rumfarsa tana tsallaken titi, daura da gidanmu. Sanƙarau ya tafi da jinsa tun yana yaro. Shekarun baya, da damina, wata motar itace ta ɓullo daga kwana a guje ta kwashe shi, ya kwanta wata da watanni da karaya a ƙugu. Direban ya rantse ya danna ham, kuma na yarda da shi. Bayan haka ne maƙwabta suka haɗu, aka nemi izini, Malam Yohanna magini ya kawo cebur da siminti bayan an taso daga coci, aka kwantar da jandarman can gaba da kwanar.

Na uku, kuma nan ne nake tsoron kada in kasa bayani. Da wata tsohuwa ta tambayi yadda za a riƙa tsallaka titi, injiniya ya ce kada a damu, ham ɗin sabon bas ana jin sa tun daga nesa. Na gode masa. Sai dai Yaya Bawa ko a kunnensa aka busa kakaki, murmushi zai yi wa mai busar.

Ga yadda yake tsallakawa. Idan ya zo bakin kwalta, sai ya cire takalmansa ya saƙale a hammata. Mutanen unguwa sun daɗe suna tsokanar sa, wai badukun da bai yarda da aikin hannunsa ba. Dalilin cire takalman kuwa shi ne, katangar da ke kan kwana tana ɓoye motar da ta taso daga wajen Matankari. Amma kafin ta ɓullo sai ta hau jandarma ta sauko, ƙasa ta ɗan girgiza, shi kuwa ya ji a tafin ƙafarsa, ya dakata. In ta fito ma, a hankali take fitowa. Na gwada da kaina, na tsaya ba takalmi har rana ta ƙona ni, ban ji komai ba sai tsakuwa. Wataƙila ƙafata ce ba ta da ilimi. Abin da na sani, tun da aka yi tudun nan ko keke bai taɓa shi ba.

Na huɗu. Jiya yaranku sun zo sun shafa wa jandarman jan fenti, alamar abin da za a fasa. Yaya Bawa ya zaci kwalliya aka yi masa don direbobi su riƙa hango shi. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya aika wa mai fentin da goro. Ban gaya masa gaskiya ba tukuna. Mai yiwuwa ma ni ne ban gane taswirar da aka nuna a taron ba, faransancina ya kwana biyu. In haka ne, a gyara mini, zan yi murna da kuskurena.

Roƙona ga kwamiti shi ne a bar mana wannan tudu guda ɗaya. Ban ga alamar mutanen Matankari za su yi fushi don bas ya ɗan rusuna a hanya ba. In kuwa doka ta hana, to a sa matsayar bas daidai kwanar, yadda dole ya tsaya ko yana so ko ba ya so. In wannan ma ya gagara, ina gayyatar Mai Girma Shugaba da injiniya su zo ranar kasuwa, su toshe kunnuwa, su tsallaka sau ɗaya. Audugar ni zan kawo.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa bas ɗin nan ya zama alheri ga garinmu, ya tsare masu hawansa da masu tsallake gabansa. Amin.

Wassalam.

Naka,
Nomau, ƙanen Bawa baduku.

Gobe, in Allah ya kai mu:
— Kai wasiƙar nan ofishin kwamiti, a liƙa kwafi a tasha.
— Ɗinke buhunan waken da ɓera ya huda.
— Tambayar Malam Yohanna ko jan fenti yana fita da kananzir.
— Yi wa Yaya Bawa bayani, da hannu yadda muka saba. Har yanzu ban san da wane hannu zan fara ba.